Bindigar Bahago

Ni bahago ne, kuma tun ina ƙarami ake ta faman gyara ni. A wajen cin abinci da karɓar abu daga hannun manya an yi nasara, ban kuma taɓa gardama ba, wannan addini ne da tarbiyya. A makaranta an kumbura mini yatsu da rula har na koyi rubutu da dama, rubutun da har yau ni kaina nakan sha wuya kafin in karanta shi. Amma jifa, da riƙe wuƙa, da duk aikin da ke son ido da hannu su tafi tare, hagu ce tawa.

Karatu ya kawo ni Alƙahira. Na zauna a unguwar Madinat Nasr cikin ɗalibai 'yan'uwana, na gama, na yi aure, ban koma gida ba. Aikina tafinta ne. Mutanenmu da ke zuwa neman magani ni nake tarbo su a filin jirgi, in sama musu masauki, in tsaya tsakaninsu da likita. Daga safe zuwa yamma maganar wani ce ke bi ta bakina, wani lokacin ma maganar da ba mai son faɗa: cewa ciwon ya yaɗu, cewa ƙafar sai an yanke. In na dawo gida ko ƙarar cokali ba na so.

Wani likitan ƙashi da muka daɗe muna aiki tare shi ya lura da halin da nake ciki. Wata rana bayan mun sallami mara lafiya ya ce, "Kai fuskarka ta fi tasu nuna ciwo. Ranar Asabar zan kai ka wani wuri."

Ya kai ni wani kulob na masu harbi a Giza. Doguwar rumfa ce, tebura a jere, can nesa an kafa takardu masu baƙin ɗigo a tsakiya. Bindigogin iska ake harbawa a ɓangaren da muka shiga, ba na albarushi ba, don haka ba ka jin komai sai tas, tas, kamar ana fasa gyaɗa. Abin da ya kama zuciyata shi ne ba mai magana. Mutum yana riƙe numfashinsa, ya taɓa kunama, ya saki. Tun daga ranar na zama ɗan gida.

Bayan kamar shekara guda na sayi tawa a hannun wani injiniya da zai ƙaura ƙasar waje. Irin wadda Turawa ke kira bulfof ce, Misrawa kuwa su ce bulbob. An mayar da duk kayan cikinta baya, bayan kunama, har gidan harsashin yana daidai kuncin mai harbi. Saboda haka gajeruwa ce, za ka iya rungume ta kamar jariri, amma bututunta dogo ne a ɓoye a ciki. Kuma ba sai ka sake ɗana ta bayan kowane harbi ba. Ka taɓa kunama ta tashi, ta ɗana kanta, tana jiranka. Na sha zirga-zirga kafin in samu izini, kasancewata baƙo, kuma sharaɗin da aka sa mini shi ne ba za ta kwana a gidana ba. A ɗakin ajiyar kulob za ta zauna cikin akwatinta, mabuɗin ɗakin yana hannun mai horarwa, wani ƙaton mutum mai gashin baki da kofin shayi a hannu kullum, wanda kowa ke kira Kaftin.

Matsalar ita ce wanda ya ƙera bindigar bai san akwai bahagwai a duniya ba. Mai dama yana ɗora fuskarsa a gefe guda, shi ya sa aka tura duk abin da ke motsi ɗaya gefen. To ni a ɗaya gefen nan fuskata take. Ƙarfen da ake ja a ɗana ta kafin harbin farko yana goga mini haɓa, iskar da ke fita daga gidan harsashi tana hura mini ido, mariƙin kuwa an yi masa tudu a inda tafin hannuna ke son rami. Kaftin ya kalle ni ina fama ya ce, "Ya ustaz, sauƙi gare shi. Koma dama kamar mutane."

"Idona na hagu ne mai gani, Kaftin."

"Mu rufe shi da ɗan farantin roba, na daman zai koya. Hagu ai ka san aikinta."

Ya yi dariya, waɗanda ke kusa suka taya shi. Na yi karatun addini fiye da shi, na san inda aka hana hagu da inda ba a hana ba, amma na ce a raina bindigar ce za ta koma hagu.

Na fara da ƙarfen ɗanawa. Ashe an bar masa gurbi a ɗaya gefen, sai dai ba wanda ya taɓa amfani da shi. Na kwance, na juya shi. Na ɗaga madubin hange kaɗan, na matso da shi daidai idona. Na yi makonni ina murza ƙusar da ke daidaita ƙarfin iska, in murza kaɗan in harba, in murza kaɗan in harba, har na samu wurin da harsasai ke bin rami ɗaya, na ɗiga jan fenti a wurin don kada ya ɓace mini.

Harsasan 'yan ƙananan dalma ne, a gwangwani ake sayar da su. Waɗannan an yarda in kai gida. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai in wanke su, in shanya a tire, in riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan ɗan sikeli irin na masu sayar da zinariya. Masu nauyi ɗaya su tafi gwangwani ɗaya, wanda bakinsa ya lotsa in ware shi. Matata takan tsaya a ƙofar kicin ta ce, "Malam, ko shinkafar biki ba a tsince ta haka." Iska kuwa da famfon hannu nake ɗura mata, irin na keke amma mai tauri, ina yi ina gumi, yayin da masu hali ke jona tasu da tukunyar iska su cika cikin ƙiftawar ido. Ban taɓa jin haushin wannan ba. Ina son gumin.

Abin da ya rage shi ne mariƙi da matashin kunci, kuma ba a sayar da na bahago a ko'ina cikin garin nan. Sai na sassaƙa da kaina. Ina neman itace mai tauri sai idona ya faɗa kan turmi.

Wani ɗan ƙaramin turmin ƙirya ne da surukata ta aiko wa matata da shi bayan aurenmu, ta hannun wata mara lafiya. Na kakar matata ne tun asali. Ya yi mana aiki shekaru, sannan wata rana ya tsage daga baki har gindi, matata ta ɗora shi a saman kabad ɗin kicin, ba ta daka a ciki, ba ta kuma yarda a taɓa shi.

Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin in furta. Ta kalle ni kamar na ce ta ba ni idonta.

"Turmin Inna za ka sa a bindiga?"

"Yana can sama ƙura na cin sa. In na sassaƙa shi, kullum yana hannuna."

Bayan kwanaki na dawo daga asibiti na tarar ta sauko da shi, ta goge, ta ajiye a baranda. Ta ce, "Rabi za ka ɗauka. Kuma in ka ɓata shi kada ka nuna mini."

Duk lokacin sanyin shekarar nan a baranda na yi shi. Na kwaɓa fulawa na matse a hannuna na hagu, na bar ta ta bushe, ita ce ta zama abin kwaikwayona. Da wuƙa, da magagari, da sanfefa na bi itacen nan, ƙirya kuwa ba ta da sauƙin kai, ta sha yanka mini yatsa. Na fitar da mariƙi mai ramin tafin hannu, da wani ɗan tudu da babban yatsana zai kwanta a kai. Na fitar da matashin kunci mai ɗan katanga da ke tare iskar nan daga idona. Na shafe su da man kaɗe har suka yi baƙi suna sheƙi. Ranar da na ɗaura su na ɗaga bindigar, sai na ji kamar ba na riƙe da komai, kamar hannuna ne ya ƙara tsawo. In rana ta ɗumama itacen kuma na ɗora kuncina, wani ɗan ƙamshin daddawa da citta yakan taso daga ciki. A tsakiyar Giza.

Harbina ya gyaru har Kaftin ya daina zancen faranti. Yakan ɗauki bindigar ya jujjuya ya ce, "Kyakkyawa ce, amma ka lalata ta. Yanzu ba wanda zai iya harba ta sai kai." Nakan ce, "Ai dama."

Sai tafiya ta kama ni. Na raka wani dattijo da aka yi wa aikin zuciya zuwa Kano, na tsaya na yi azumi a wajen mahaifiyata, ban dawo ba sai bayan sallah. Asabar ɗin farko na nufi kulob da gwangwanina a jaka. Kaftin ya rungume ni, ya yi mini barka da sallah, ya miƙo akwatin da fara'a.

Na buɗe a kan tebur. Na daɗe ina kallo ban gane abin da nake gani ba.

An mayar da ƙarfen ɗanawa inda yake da. An sauke madubi. Matashin kunci babu shi, an maye gurbinsa da baƙar robar da ta zo da bindigar. Jan ɗigona yana nan, amma ƙusar ta yi nisa da shi. Mariƙin kuwa yana nan, shi ne ma abin da ya fi ciwo. An sa inji an goge tudun babban yatsan nan ƙaf, an cike ramin tafin hannun da wani abu mai kama da ƙaro, aka naɗe da baƙin tef. Inda injin ya bi, itacen ya fito ja, ɗanye, kamar nama.

Na ɗauki bindigar na koma ƙofar ɗakin ajiya. Na ce, "Kaftin, wa ya taɓa wannan?"

"A! Ka gani ko? Mun gyara maka ita."

"Kun gyara?"

"Basha ne. Tasa ta samu matsala ana gab da gasar kulob, taka kuma tana kwance ba mai amfani da ita. Na ce ustaz mutumin kirki ne, ba zai hana ba. Amma ba ta harbuwa yadda ka bar ta, sai muka ɗan taɓa. Kuma ka sani? Ya ci kofi da ita! Zo ka ga hoton."

Basha wani ɗan kasuwa ne daga Zamalek, unguwar masu kuɗi, yana cikin kwamitin kulob, direba ne ke ɗauko masa jaka. Kaftin ya ja hannuna har bangon zaure. Ga shi kuwa a hoto cikin gilashi, kofi a hannu ɗaya, bindigata a ɗaya, yatsunsa a kan turmin kakar matata.

Ni in raina ya ɓaci Larabcin kasuwa guduwa yake daga bakina, sai na littafi ya rage. Na tsaya a zauren nan ina zuba Larabci mai i'irabi kamar mai huɗuba, ina maganar amana da haƙƙi da abin da aka ba mutum ajiya. Na ga wasu suna danne murmushi. Kaftin ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma'alish, ya ustaz. Itace ne fa. Zan kai ka wurin kafinta ya yi maka wanda ya fi shi."

Wannan kalma ta ma'alish na daɗe da ita a garin nan. Na ji ta a bakin direban da ya taka mini ƙafa, na ji ta a bakin mai gidan da ya yanke mana ruwa, na ma sha fassara ta ga marasa lafiya da "a yi haƙuri". Amma haƙuri wanda aka yi wa laifi ne ke bayarwa. Wannan kuwa mai laifin ne ke yafe wa kansa a gabanka, ya kuma jira ka gode.

Na je ofishin manaja. Ya saurare ni da kyau, ya sa aka kawo mini shayi, ya ce abin bai yi daɗi ba sam. Sannan ya ce ina da damar kai ƙara gaban kwamiti, sai dai in tuna Basha yana cikin kwamitin, kuma kwamitin ne ke sabunta zaman baƙi 'yan ƙasar waje duk shekara. Da murmushi ya faɗa, kamar mai ba ni shawarar alheri. Likitan da ya kawo ni kulob ɗin ma da na kira shi cewa ya yi, "Kana da gaskiya ɗari bisa ɗari. Khalas, ya wuce, bar shi."

Na so in ɓoye wa matata, amma fuskata ba ta iya ɓoyo ba. Na kwance mariƙin na kawo gida, ta karɓa, ta ɓare tef ɗin da farce, ta shafa inda aka goge. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ina ɗayan, na kuncin?"

"Sun ce ba su san inda yake ba."

"Juma'a mai zuwa tare za mu."

Ranar Juma'a da la'asar iyalai ke cika lambun kulob, mata da yara da tsofaffi, ana shan shayi a ƙarƙashin bishiyoyi. Matata ta sa hijabinta, ta sauko da ragowar rabin turmin, ta sa a jakar cefane. Ita ba ta yi jami'a a nan ba. A kasuwa da wurin maƙwabta ta koyi Larabcinta, kuma in ta buɗe baki ba ka ce ba a unguwar aka haife ta ba. Ta wuce ni, ta nufi teburin da Kaftin da manaja ke zaune, ta fito da rabin turmin ta dire a tsakanin kofunansu, ta ajiye mariƙin a gefensa.

"Wane ne Kaftin a cikinku?"

Ya miƙe. "Ni ne, ya madam."

"Wannan turmin kakata ne. A ciki ta daka wa uwata abinci, uwata ta daka mini. Ya ƙetaro hamada ya zo garinku, na ba mijina rabi don ina ganin girmansa. Kai kana da uwa?"

"Allah ya ji ƙanta."

"Amin. Ta bar maka wani abu? Tire, ko tukunya, ko ɗan kwali?"

Teburan da ke kusa duk sun juyo.

"In na shigo gidanka ba ka nan, na ɗauki tukunyar nan na huda ta na shuka fulawa a ciki don wani babban mutum yana son fulawa, in ce maka ma'alish, ya ishe ka?"

Wata tsohuwa a teburin baya ta ce, "Wallahi tana da gaskiya." Kaftin ya yi jajir har kunnuwa. Matata ta ce, "Saura guda. A kawo mini shi yanzu, ina tsaye."

Ya tafi da sauri. Na bi shi, na kuwa ga inda ya ɗauko shi. Matashin kuncina ne suke tokare ƙofar ɗakin ajiya da shi don iska ta shiga. Gefensa ya ɗan ɓantare, ƙasa ta shiga jikinsa. Ya goge shi da gefen rigarsa, ya kawo wa matata da hannu biyu, ya ce, "Ki yafe mini, ya hajja. Ban sani ba. Na rantse ban sani ba."

Ita aka ba haƙuri. Ni da aka buɗe akwatina, aka ɗauki abina, aka yanka shi, ba wanda ya juyo ya kalle ni. Wato da itacen daga shagon kafinta na sayo shi, da ba a yi laifin komai ba. A mota na faɗa mata haka, ta ce, "To ai ka samu ɗaya. Da huɗubarka me ka samo?"

Na sayi kwaɗo na sa wa akwatin. Manaja ya ce doka ta ce a bar musu mabuɗi guda, na ce ya nuna mini dokar, bai sake tayar da zancen ba. Na mayar da ƙarfen ɗanawa hagu, na ɗaga madubi, na sake bin ƙusar iska har ta dawo kan ɗigona. Mariƙin ne ya ƙi dawowa. Ragowar turmin tsagar ta ratsa shi, ba abin da zai fita a ciki, kuma ko da zai fita ba ni da bakin roƙo. Na ƙwaƙule ƙaron da suka cusa, na kwaɓa garin katako da gam na gina wa babban yatsana sabon tudu. Yana aiki. Muni ne da shi kamar ƙari a goshi, kuma in zafi ya yi yakan yi danƙo.

Hoton yana nan a bango har yau. Kullum sai na wuce ta gabansa kafin in kai rumfar harbi.

Da gasar shekara ta sake matsowa, ina zaune a teburina ina jera harsasai a gidansu, sai na ji ƙamshin turare a kaina. Basha ne da kansa, karo na farko da ya taɓa yi mini magana. Ya miƙo hannu da fara'a ya ce ya ji an ɗan samu rashin fahimta bara, Kaftin ne bai iya abu ba. Sannan ya shafa bututun bindigata da bayan yatsa ya ce, "Amma ka iya saita ta, wallahi. Ban taɓa harba irinta ba. Mako guda kawai nake so. Wannan karon ba za mu taɓa itacen ba, sai dai ƙarfen nan mu juya shi."

Na ce, "A'a."

Ya tsaya kamar bai ji yaren ba. "Na'am?"

"A'a, ya Basha."

Ya yi 'yar dariya, ya kalli mutanen da ke gefe ya ce, "Ni da aka ce mini mutanen Afirka akwai kyauta." Ya juya ya tafi, direbansa na biye da jaka.

Na ɗora kuncina na nemi baƙin ɗigon a madubi, amma numfashina ya ƙi tsayawa. Na watsa harsasan nan da na wanke na auna ɗaya bayan ɗaya ko'ina a jikin takarda, har da wajenta. Na tattara kayana tun rana ba ta yi sanyi ba, na kulle akwati, na miƙa wa Kaftin. A cikin jirgin ƙasa, a tsaye, a matse tsakanin mutane, ina ta shirya amsoshin da ya kamata in ba Basha, masu kyau ƙwarai, da Larabcin kasuwa, har na wuce tashar da zan sauka.